Koya wa matasa wanki da aikin gida: amsoshin tambayoyin da kuka ƙi daina yi mini

Tun da aka san na daɗe ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai a makarantar kwana, ban sake zama gidan biki ko gidan suna a garin nan na Sakkwato an bar ni na ci abinci cikin natsuwa ba. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga su nan na tara wuri ɗaya. Wadda ta sake tare ni da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo ta.

Hajiya, shekara nawa ya kamata yaro ya fara wanki?

Ɗan shekara 7 yana wanke safarsa da singiletinsa. Ɗan shekara 10 yana wanke kayan makarantarsa. In naki ya kai 14 bai taɓa tsoma hannu a kumfa ba, kin makara, amma ki fara ranar Asabar ɗin nan.

To namiji fa? Babansa ya ce mi ya haɗa namiji da wanke-wanke.

Ki gaishe mini da Malam, ki tuna masa cewa an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Hadisin yana cikin Buhari. Wata ruwayar ta ce yana ɗinke tufafinsa, yana gyara takalminsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda muke zaune a inuwar hubbarensa, an san shi da tufkar igiya da hannunsa. To ɗan wane ne ya fi ƙarfin bokiti?

Kuma ku dubi gaba kaɗan. Yaron nan zai shiga ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wata can nesa. In ya gama, zai yi mako uku a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, irin na Wamakko, cikin fararen kaya, ga jar ƙasa, ga fareti safe da yamma. Ƙanwarsa za ki saka masa a jaka?

Muna da 'yar aiki, ga kuma almajirin da ke mana wanki. Mene ne amfanin wahalar da yaro?

Almajirin nan shekararsa nawa? Sa'an ɗanki ne, wataƙila ma ɗanki ya girme shi. Shi yana durƙushe a tsakar gida yana cuɗa wandon ɗanki, ɗanki yana kwance a falo yana latsa waya, kuma kina ganin gata kike yi masa. Hausawa sun riga sun gama magana: ka so naka duniya ta ƙi shi. Na karɓi 'yan mata da yawa da aka kawo mana da akwati cike da atamfa, ba su san yadda ake matse zane ba. Su ne masu kuka a makon farko, su ne kuma masu ba da madararsu da sukarinsu don wata ta yi musu wanki. 'Yar aiki ta yi na gida. Kayan jikin yaro nasa ne.

Da me zan fara nuna masa?

Da ware kaya, domin a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Farare gefe guda, masu launi gefe guda, baƙaƙe da wandon jins su kaɗai. Ya laluba aljihu kafin komai ya taɓa ruwa. Biro ɗaya ya isa ya kashe farar riga.

Sai baho uku: na sabulu ɗaya, na ɗauraya biyu. Farare su fara shiga tun ruwan yana da tsabta, masu dauɗa sosai su zo ƙarshe. Ki tsaya a kansa ki nuna masa inda datti yake ɓuya, wato wuyan riga, hammata, bakin hannu, gwiwar wando da ƙafarsa. Yara sukan yi ta dama tsakiyar riga a cikin kumfa su bar wuyan baƙi ƙirin. Ki cuɗa ɗaya yana gani, ya cuɗa sauran kina gani. Kada ki karɓe daga hannunsa don ya yi jinkiri. Wannan karɓewar ce ta kawo ku inda kuke.

Shanya kuma a kan igiya, ba a kan katanga ko ƙasa ba. Ya goge igiyar da tsumma tukuna, ya juya masu launi ciki ya koma waje.

Yana shirin WAEC da JAMB. Ba zai shiga karatunsa ba?

A'a. Wankin mutum ɗaya awa guda ne a mako. Ki duba awa nawa yake yi a TikTok.

Ruwa saye muke yi wajen 'yan ga-ruwa, shi kuma yana zubarwa kamar daga Gulbin Rima yake ɗebowa.

Wannan kuka na gaskiya ne, ban ga laifinki ba. Ki auna masa: ga jarka biyu, su ne na wankinka. Mafi yawan ɓarnar daga garin sabulu take fitowa. Yaro ya zazzage rabin leda, kumfa ta taso har gwiwar hannu, sannan a yi ta ɗauraya ba ta fita. Ki ba shi murfi ko cokali ya riƙa aunawa. In ruwan rijiyarku mai zartsi ne, ba zai yi kumfa da sabulun sanda sosai ba, kada ya ɗauka ƙarin sabulu ne magani. Garin sabulu ya fi aiki a irin wannan ruwa. Ruwan ɗauraya na ƙarshe kuma ba na kwata ba ne. A wanke ban-ɗaki da shi, ko a yayyafa a tsakar gida kafin shara.

Yaushe ya fi dacewa?

Da bazara, musamman Afrilu da Mayu da zafin garin nan ke wuce digiri 40, da sassafe bayan asuba. Da hunturu a bari hantsi ya ɗaga, a kwashe kaya da zarar sun bushe kafin ƙura ta zauna musu, a shafa basilin a hannu. Kayan Juma'a ranar Laraba ko Alhamis.

Ya ɗan iya yanzu. In ba shi shaddar babansa ya wanke ya goge?

To, a nan ba zan ce miki e ko a'a kai tsaye ba, domin shadda suna ta tara, haka ma babanni.

Farko, wace iri ce? In farar shadda ce da ta sha wanki, ta zama ta zaman gida ko ta zuwa kasuwa, ki ba shi. Mafi munin abin da zai faru shi ne ya cika mata bula ta fito shuɗiya-shuɗiya, wannan kuma wanki na gaba yakan rage shi. Ki dai nuna masa ya narkar da bular a ruwa sosai kafin rigar ta shiga, in ba haka ba za ta fito da ɗigo-ɗigo.

In sabuwa ce mai sheƙi, irin Getzner da aka ɗinka don Salla, ni dai da zan ce ki dakata. Sheƙin nan ba ya son a jiƙa shi ya kwana cikin garin sabulu, ba ya son burushi, ba ya son a murɗe shi da ƙarfi wajen matsewa. Ruwan sanyi, sabulu marar kaifi, cuɗa a hankali, a ɗauraye nan take, a shanya a inuwa. Yaron da ya saba da cuɗar wandon makaranta hannunsa ya yi nauyi a kan wannan. Wasu yaran suna da natsuwar yi, ban musa ba, na ga 'yar shekara 15 da ta fi uwarta iya wankin leshi. Ke kika san naki.

In mai launi ce, musamman wadda aka rina a gida, sai an gwada. A jiƙa bakin rigar ta ciki, a danna farin ƙyalle a wurin. In launi ya fito, zuba take yi, ita kaɗai za a wanke, cikin sauri, kada ta haɗu da komai. Mata da yawa suna cewa a zuba gishiri a ruwan farko ya kama launi. Ban hana ba, gishiri ba ya cutar da yadi, amma kada ki dogara da shi har ki jefa farar hula a bahon. Sannan ki duba zaren aikin wuya: wani lokaci yadin ba ya zuba, zaren ne ke zuba, ya ɓata ƙirjin rigar gaba ɗaya.

Sai guga, inda aka fi yin asara. In na lantarki ne, matsalar ita ce a kawo wuta, yaro ya yi ta sauri kafin a ɗauke, ya murɗa zafi har ƙarshe. In na gawayi ne, ga toka, ga tartsatsi, ƙwaya ɗaya ta faɗo ta huda riga. Ya bari gawayin ya ruru ya daina hayaƙi, ya hure tokar a waje nesa da kaya, ya goge gindin dutsen, ya gwada a kan tsumma. Shadda mai duhu ta ciki ake goge ta, ko a shimfiɗa mata farin ƙyalle a sama. Sitati ma sai an koya: ya yi kauri riga ta tsaya ƙiƙam, ya yi gudaji ta fito da fari-fari.

Babbar riga kam, a kai wa mai wanki da 'yan bugu, sana'arsu ce. Hula kube ko zanna a kai wa masu wankin hula, kada yaro ya cukuikuye ta a baho.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk waɗannan: halin Malam. In mutum ne da zai ga ƙuna a rigarsa ya yi dariya ya ce gobe a kula, bismilla. In kuwa zai tara gida da faɗa har yaron ya rantse ba zai sake taɓa dutsen guga ba, to kin yi asarar riga kin yi asarar koyon. Ya fara da tasa shaddar ta Sallar bara. In ya ƙona, jikinsa zai saka.

Ɗiyata ta fara al'ada, shi ma yayanta ya balaga. Ina jin nauyin maganar.

Kwantar da hankalinki, kowace uwa tana jin haka. Ai wannan ma shi ne babban dalilin koya musu wanki tun da wuri, don kada wani ya ga abin da suke jin kunya. Ki faɗa musu a taƙaice, kowa shi kaɗai: jini da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi kama shi yake yi a yadi. A mazhabarmu ta Malikiyya, jinin haila da maniyyi da fitsari duk najasa ne, kuma ruwa tsantsa ne ke tsarkake su, wanda sabulu bai canza ba. Don haka a fara zuba ruwa a wanke wurin shi kaɗai, sannan tufar ta shiga baho da sauran kaya. Kamfai kuma a shanya shi ya sha iska da rana. Masu ɓoye shi da danshi a ƙarƙashin katifa su ne ke zuwa da ƙaiƙayi. Ki ɗaura mata igiya ta daban a bayan ɗaki. Shi kuma yayan, babansa ya yi masa maganar.

In ba shi Hypo?

Farare kawai, a tsarma da ruwa. Kuma ki ja kunnensa da kyau: ba a haɗa shi da maganin wanke masai irin Harpic. Haɗin yana tayar da iskar kilorin mai shaƙe numfashi, ban-ɗakunanmu kuma ƙanana ne, tagar ma ƙarama.

Ban da wanki fa?

Shara, wanke-wanke, wanke ban-ɗaki, gyaran shimfiɗa, zubar da bola. Ya iya dafa shinkafa da miya, ya dama kunu, ya soya ƙwai. In gas kuke amfani da shi, ya san in ya ji wari ba a kunna ashana, ba a taɓa makunnin wuta. A rufe tukunyar gas, a buɗe ƙofa da taga. Ki raba aikin da suna da rana, kuma ya riƙa zagayawa. Kada ya zama kullum mace ce a bakin murhu, namiji aikinsa sayo kankara.

In sayi injin wanki in huta?

In kina da wuta da ruwa, saya. Makarantar kwana dai ba ta da shi.

In riƙa biyansa?

Shi yana biyan ki kuɗin tuwo?

Na yi duk wannan, ya ƙi.

Daina wanke masa, shi ke nan. Ba zagi, ba duka, ba doguwar nasiha. Ki faɗa masa sau ɗaya cewa daga yau kayansa a wuyansa suke, ki nuna masa inda sabulu da baho suke, ki hana 'yar aiki da ƙannensa taɓawa. Kakarsa ma ki roƙe ta, don ita ce za ta fara karaya ta kwashe a ɓoye. Ranar Litinin zai tashi ya tarar da rigar makaranta yadda ya jefar da ita ranar Juma'a, tana tsami. Zai yi fushi, wataƙila ya tafi da ita haka, abokansa su yi masa tsiya. Abin da ke da wuya a nan ba nasa ba ne, naki ne: daren Lahadi, kin ga tulin kayan a lungu, hannunki yana ƙaiƙayi. Ki wuce ki kwanta.