Me ake nufi da ARCH a manyan kwamfutocin IBM?

Manyan kwamfutocin IBM Z, waɗanda bankuna da kamfanonin inshora ke gudanar da lissafinsu a kai, sun gaji wata ƙa'ida tun daga System/360 ta 1964: shirin kwamfutar da aka gina wa tsohuwar na'ura zai yi aiki a sabuwa. Akasin haka kuwa babu tabbas, domin kowace sabuwar na'ura tana zuwa da umarnin da na baya ba su sani ba.

ARCH lamba ce da ake bai wa manhajar da ke juya rubutun COBOL (wani harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta) zuwa harshen na'ura, a shaida mata mafi tsufan na'urar da shirin zai hau. ARCH(11) na na'urar z13 ne ta 2015, ARCH(12) na z14 ta 2017, ARCH(13) na z15, ARCH(14) kuma na z16 ta 2022.

Ribar ɗaga lambar ta fi fitowa a z14. Ita ta kawo umarnin da ke yin lissafin lambobin goma-goma, irin na kuɗi, a cikin kwakwalwar na'urar kai tsaye, ba sai an riƙa kai-komo da ma'adana ba. Yawancin aikin COBOL a banki kuwa lissafin kuɗi ne, kuma kuɗin lasisin manhajoji da dama na bin yawan ƙarfin na'urar da aka ci a wata.

Sai dai gaggawa a nan aikin shaiɗan ce. Shirin da aka gina da ARCH(14) in ya faɗa kan z14, da zarar ya ci karo da umarnin da ba ta sani ba sai ya tsaya cak da lambar kuskure S0C1. Inda abin ya fi cizo shi ne cibiyar ko-ta-kwana, wadda ake komawa idan babbar ta samu matsala, don sau da yawa can ake ajiye tsohuwar na'ura. Shi ya sa IBM ke cewa a zaɓi ARCH bisa mafi tsufan na'urar, har da ta can.

Akwai kuma wani zaɓi mai suna TUNE, wanda ke tsara umarni yadda sabuwar na'ura za ta fi sauri ba tare da hana tsohuwa aiki ba.

Masu sayar da manhaja ga kamfanoni da yawa na iya fitar da gini fiye da ɗaya na shiri ɗaya, kowanne da na'urarsa. A tsarin Linux da ke gudana a kan IBM Z, tun fitowar glibc 2.33 (wani ginshiƙin manhajar tsarin) a 2021, ana ajiye su a manyan fayil masu suna z13, z14 da z15, tsarin ya ɗauki wanda ya dace da kansa. Kamfanin Red Hat kuwa ya yanke: nasa tsarin Linux, RHEL 9, ba ya hawa ƙasa da z14.