Iyakar tsawon waya da yawan hub a tsarin Ethernet

A tsarin Ethernet, wato hanyar haɗa kwamfutoci da waya, irin mai aiki da murɗaɗɗiyar wayar tagulla, wayar da ke tsakanin kwamfuta da hub ko switch (na'urorin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a jikinsu) ba ta wuce mita 100. Ƙa'idar ta zo da sigar Ethernet mai suna 10BASE-T, wadda hukumar IEEE mai tsara ƙa'idojin Ethernet ta amince da ita a 1990, kuma ba ta sauya ba a 100BASE-TX ta 1995 da 1000BASE-T ta 1999. Masu jan waya kan kasa mita 100 ɗin gida biyu: mita 90 cikin bango ko silin, mita 10 ga gajerun wayoyin jonawa.

Sigina na raunana yayin da waya ke ƙara tsawo, zafi kuma na ƙara masa rauni. Wayar da aka bi da ita ƙarƙashin rufin kwano a Katsina, inda bazara kan haura digiri 40, gara ta gaza mita 90. Haka ma wayar araha ta alminiyam da aka yi wa rufin tagulla, wadda kan kasa tun kafin ta kai iyakar.

Iyakar yawan hub kuwa maganar lokaci ce. Duk abin da ya shigo hub, watsa shi yake yi ga kowa, don haka in kwamfuta biyu suka aika a tare sai saƙonninsu su yi karo. Dole mai aikawa ya ji karon kafin ya gama tura ƙunshin saƙo mafi ƙanƙanta, mai bit 512 (bit shi ne ma'aunin bayanai mafi ƙanƙanta). A gudun megabit 10, wato bit miliyan 10 a daƙiƙa, wannan na ɗaukar maikirosakan 51.2 (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa), kuma kowane hub yana cin wani abu daga ciki. Daga nan ƙa'idar 5-4-3 ta samo asali: sassan waya biyar, hub huɗu, sassa uku kaɗai ke ɗauke da kwamfutoci. A megabit 100 lokacin ya koma maikirosakan 5.12, sai aka taƙaita ga hub ɗaya na Aji na I (mai yawan jinkiri), ko biyu na Aji na II (mai ƙarancin jinkiri) da mita 5 tsakaninsu, jimillar waya daga kwamfuta zuwa kwamfuta kusan mita 205.

Switch ya kawar da wannan, domin kowace kafarsa da ake jona waya zaman kanta take yi, saƙonta ba ya karo da na sauran. Shi ake gani yau a cibiyoyin jarrabawar JAMB a Katsina da Daura, amma mita 100 na nan daram. Tsakanin gini da gini wayar faiba, mai ɗaukar saƙo da haske, ake ja, saboda nisa da kuma tsawar damina.