Kada Ka Kakkaɓe Ƙura Ka Tafi Gida Bayan Hatsari

Jama'ar Sakkwato, akwai wata ɗabi'a da ta ishe mu a asibiti. Ɗan kabu-kabu ya zube da fasinja a shataletalen Dandima, ko mai mota ya buge yaro a bakin Babbar Kasuwa. Nan take mutane su taru, a ciccibi wanda ya faɗi, a kakkaɓe masa riga, a tsinto masa takalmi ɗaya daga cikin kwata, a miƙa masa ruwan leda. Mai motar ya zaro 'yan kuɗi ya ce a sayi magani. Shi kuma wanda aka buge, jiri na ɗibarsa, sai ya ce, "Ba komi, na yahe." Kowa ya watse, babu wanda ya rubuta lambar mota, babu wanda ya ambaci asibiti. Bayan kwana biyu sai ga shi an kawo shi shimfiɗe a Keke Napep, ba ya gane ko mahaifiyarsa.

Yafiya halin kirki ce, da ita iyaye suka rene mu. Amma don Allah a bari sai likita ya duba tukuna. Wanda kansa ya bugu da kwalta minti biyar da suka wuce bai san abin da ya same shi ba, balle ya san abin da yake yafewa.

Jini yana iya tsiyaya a hankali cikin ƙoƙon kai ba tare da ko ƙwarzane a waje ba. Mutum ya yi hira, ya ci tuwo, ya yi sallar isha'i, ya kwanta, da asuba a tashe shi ya ƙi tashi. Haka ma saifa, tana fashewa a ciki idan kan babur ya daki haƙarƙarin hagu, jini ya taru a ciki ana cewa tsamin jiki ne. Duk wanda ya suma ko na ɗan lokaci, ko ya manta yadda abin ya faru, asibiti za a kai shi a ranar. Wanda aka sallama kuma a sa masa ido awa 48. In ya fara amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi, ko ya soma sambatu, ko jijjiga, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, a koma da shi ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada a jira gari ya waye, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa.

Iyaye mata, ku ne kuke fara lura. In yaron da ya faɗi ya daina wasa, ya lafe, ya ƙi abinci, ku yi magana da ƙarfi har sai an fita da shi.

Karaya ma haka take. Daga bakin titi sai a zarce wurin mai ɗori, a jera kara a ɗaure tamau a kan gaɓar da ke kumbura. Jini ya kasa wucewa, cikin awa 6 nama ya fara mutuwa. Yaro na ihu ana ce masa ya yi jarumta, yatsu sun yi sanyi sun yi baƙi, sai an ji wari sannan a kawo shi, lokacin ba abin da ya rage sai yankewa. Ga asibitin ƙashi a Wamakko, ga Asibitin Ƙwararru, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A ɗauki hoton ƙashi tukuna, me zai ragu?

Idan abin ya faru a gabanka:

- Kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra, ko 112.
- In yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi kamar tabarma. Mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, a ɗauke shi a miƙe bisa katako.
- Danne inda ke jini da tsumma mai tsabta, minti 10 ba ɗagawa. Ban da ƙasa, ban da baƙin mai.
- Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa.
- A tambayi allurar tetanus a asibiti.
- Wani ya ɗauki hoton motar da lambarta, ya karɓi lambar wayar shaidu biyu.

Na san abin da ke hana mutane zuwa: tsoron kuɗi da tsoron 'yan sanda. To ku sani, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Doka ta kuma wajabta wa duk mai abin hawa inshorar da ke biyan wanda ya buge. Tun 1 ga Janairu 2023 kuɗinta naira 15,000 ne a shekara ga ƙaramar motar gida, 5,000 ga Keke Napep, 3,000 ga babur. Haƙƙinka ne, amma kamfanin inshora ba ya biya da labarin baki. Zai nemi rahoton 'yan sanda, da rahoton likita, da rasit. Wanda ya kakkaɓe ƙura ya tafi gida ba shi da ko ɗaya. Ko gaban alƙali aka je, ko sulhu aka zauna wurin mai unguwa, abin da za a fara tambaya ke nan: wane rauni ne, wa ya shaida, nawa aka kashe. Saboda haka a adana katin asibiti, da hoton ƙashi, da kowane rasit har na bandeji, a leda ɗaya. Kuma kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar sasantawa sai likita ya gama faɗin girman raunin, domin ƙafar da aka sasanta a kan kuɗin kwana ɗaya tana iya cin jinyar wata shida.

Wanda ya ji ciwo a bakin aikin da aka ɗauke shi, kamar kamfani ko wurin gini, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba shi kwana 14 ya sanar da mai aikin, shi kuma mai aikin ya kai rahoto NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyyar ma'aikata. A rubuce za a sanar, da kwanan wata, a kuma riƙe kwafi ɗaya a gida.