Yadda ake auna tasirin masanin garkuwar jiki: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin wani masanin kimiyya a Google Scholar, manhajar neman maƙalun ilimi a intanet, ya san abin da zai tarar. Maƙalu ne jere daga sama har ƙasa, gaban kowacce da lamba, a gefe kuma wasu sanduna tsaye suna nuna yadda ake ambatonsa shekara bayan shekara. Cikin minti ɗaya mutum ya yanke hukunci cewa wannan babba ne, wancan kuwa da sauransa. A fagen garkuwar jiki da cututtuka masu yaɗuwa hukuncin yana da nauyi, domin da shi ake raba kuɗin bincike, ake ɗaukar aiki, ake kuma zaɓen wanda za a saurara idan annoba ta ɓarke.

Idan aka ce aikin binciken masani, me ake ƙirgawa?

Da farko maƙalun da ya wallafa a mujallun kimiyya, waɗanda wasu masana na fannin suka tantance kafin a buga. Su ma iri biyu ne. Akwai ta sabon bincike, inda marubuta suka yi gwaji da hannunsu a kan ɓeraye, ko jinin marasa lafiya, ko ƙwayoyin cuta, suka kawo sakamako. Akwai kuma ta bita, wadda ke tattara abin da wasu suka gano ta tsara shi. Ta bitar ta fi saurin tara ambato, saboda duk mai rubuta gabatarwa yana neman wuri guda da zai jingina. Ke nan kafin ka yaba wa dogon jeri, fara rarrabe nawa ne sabon aiki. Bayan maƙalu akwai bayanan da ya saki don kowa ya yi amfani da su, da dabarun gwaji, da ɗaliban da ya horar, amma waɗannan ba su cika bayyana a shafin ba.

Mene ne ambato, kuma wa ya fara ƙirga shi?

Idan mai bincike ya kafa hujja da aikin wani ya sa shi cikin madogararsa, ambato ɗaya ke nan. Eugene Garfield, Ba'amurke, shi ya mayar da wannan abin ƙirgawa. Cibiyarsa ta fara fitar da kundin ambaton kimiyya a 1964, wanda a yau ya zama Web of Science. Wasu kundayen irinsa, Scopus da Google Scholar, sun fito a 2004. Kowannensu da abin da yake tattarawa, shi ya sa mutum ɗaya zai iya samun lambobi uku mabambanta. Google Scholar ya fi yawa, domin yana kwaso har kundayen digiri da takardun da ba a tantance ba.

Ma'aunin h fa, da ake yawan gani kusa da sunan masana?

Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya kawo shi a 2005. Lissafinsa ba wuya. Wanda yake da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, ma'auninsa 20 ne. Amfaninsa shi ne maƙala ɗaya tak da ta yi suna ba za ta ɗaga mutum ba, haka nan tarin maƙalun da babu mai karantawa.

Amma duba wannan. Mai maƙala biyar da aka ambaci kowacce sau dubu uku, ma'auninsa biyar ne, ba zai wuce nan ba. Wanda ya shekara talatin yana sa suna a ayyuka masu matsakaicin daraja yana iya kai sittin. Sannan ma'aunin ba ya sauka, ko da mutum ya daina aiki, don haka kullum dattijo yana gaban matashi. Ni a ganina ya fi nuna daɗewa da yawan aiki fiye da zurfin abin da aka gano.

Shin fitowa a babbar mujalla ba ta isa shaida ba?

Tana nuna cewa aikin ya tsallake tantancewa mai tsanani, wannan gaskiya ne. Amma lambar da ake kira ma'aunin tasirin mujalla ta mujallar ce, ba ta marubucin ba. Ana ɗaukar ambaton da maƙalun shekaru biyu da suka gabata suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. 'Yan ƙalilan da suka yi fice su ke jan lambar sama, sauran kuma suna ƙasa da ita. A lokacin korona an ga hakan ƙarara: lambar mujallar Lancet ta tashi daga kimanin 79 zuwa sama da 200 a shekara guda, saboda wasu maƙalun farko kan cutar da duniya duka ta ambata. Tun a 2012 wasu editoci da masana suka tsara sanarwar San Faransisko, wadda ake kira DORA, suna kira da a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki.

Me ya sa ake cewa a fannin garkuwar jiki lambobi sukan makara?

Nan ne zancen yake da daɗin bi, domin labari uku ne da suka haɗu wuri ɗaya.

A 1973, a Jami'ar Rockefeller da ke New York, Ralph Steinman yana duba ƙwayoyin saifar ɓera a madubin ƙara girma sai ya ga wasu 'yan kaɗan masu miƙa rassa kamar bishiya. Shi da malaminsa Zanvil Cohn suka ba su suna daga kalmar Girkanci mai nufin bishiya, suka wallafa. Shekaru da dama masana da yawa ba su yarda wani sabon abu ne ba, ga shi kuma ware ƙwayoyin yana da wuya, ba kowane ɗakin gwaji ke iyawa ba. Daga baya ta tabbata su ne ke ɗauko guntun ƙwayar cuta su kai wa sauran dakarun jiki, su tayar da su yaƙi. An sanar da kyautar Nobel ɗinsa ranar 3 ga Oktoba 2011, shekara 38 bayan maƙalar, alhali ya rasu kwana uku kafin nan ba tare da kwamitin ya sani ba.

Na biyu, a 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale ya yi hasashen cewa dole jiki yana da wasu masu gadi da ke gane alamomin da ƙwayoyin cuta suka yi tarayya a kai. Hasashe ne, babu hujja a hannu. Sai a 1996 ɗakin gwajin Jules Hoffmann a Strasbourg ta Faransa ya nuna cewa ƙudan da aka lalata masa wani ƙwayar gado mai suna Toll ba ya iya kare kansa. Hoton da ya fito da aikin har yau ana nuna wa ɗalibai: mataccen ƙuda, zaren fumfuna ya lulluɓe shi kaf. A 1997 Janeway da Ruslan Medzhitov suka nuna irinsa a jikin ɗan Adam, a 1998 kuma Bruce Beutler ya nuna wanda ke gane gubar bakteriya a ɓeraye.

Na uku, Katalin Karikó, 'yar asalin Hangari, wadda Jami'ar Pensilbaniya ta rage wa matsayi a 1995 bayan ta yi ta neman kuɗin bincike ba ta samu ba. Ita da Drew Weissman suka gano cewa waɗancan masu gadin ne, a cikin waɗancan ƙwayoyi masu rassa, suke ganin mRNA (saƙon gado da ke gaya wa ƙwaya irin furotin da za ta haɗa) da aka haɗa a ɗakin gwaji a matsayin baƙo su tayar da kumburi, kuma idan aka ɗan sauya ɗaya daga tubalansa sai ya wuce lafiya. Manyan mujallun Nature da Science sun ƙi maƙalar. Ta fito a mujallar Immunity a 2005, kuma shekaru ba ta ja hankalin mutane sosai ba. A Disamba 2020 allurar rigakafin korona ta Pfizer da BioNTech da ta Moderna suka fara shiga hannun jama'a, duka a kan wannan dabarar. Nobel ta zo a 2023.

Da a ce a 2008 aka ba wani kwamiti shafin Karikó ya auna da lambobi kawai, da wuya ta kai ko'ina. Abin da ke damuna shi ne waɗanda aka sallama a irin wannan mataki, ba su samu damar kai wa gaci ba.

Akwai lokacin da yawan ambato ba alheri ba ne?

Akwai. A Fabrairun 1998 Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield kan yara 12, wadda ta jefa shakku cewa rigakafin ƙyanda da hangum da rubella yana da alaƙa da cutar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Manyan bincike a kan dubban ɗaruruwan yara ba su ga alaƙar ba. An janye maƙalar a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya. Duk da haka an ambace ta fiye da sau dubu, mafi yawa masu sukarta ne, kuma na'urar ƙirga ba ta san bambancin yabo da suka ba. Iyaye da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu rigakafi, ƙyanda ta dawo inda a da aka ci ƙarfinta.

Akwai kuma wanda ba laifi ba ne, yanayin aiki ne kawai. Maƙalar Oliver Lowry ta 1951 kan yadda ake auna furotin ta haura ambato 300,000, domin kowa na buƙatar dabarar. Girman fanni ma yana shiga ciki. Mai bincike kan garkuwar jiki da cutar kansa yana da dubban abokan sana'a da za su ambace shi. Mai aiki kan tsargiya ko ciwon barci takwarorinsa kaɗan ne, ko da aikinsa ya sauya yadda ake yi wa jama'a magani.

Maƙala ɗaya da sunaye ashirin, wane ne ya yi aikin?

A al'adar wannan fanni, sunan farko na wanda ya tsaya a kan gwajin ne, galibi ɗalibin digirin digirgir ko sabon dakta. Sunan ƙarshe na shugaban ɗakin gwaji ne, mai nemo kuɗi da tsara alƙibla. Na tsakiya gudummawarsu ta bambanta, daga mai yawa zuwa wanda samfuri kawai ya bayar. Amma wajen ƙirga, kowa yana samun ambaton cikakke. A maƙalar ƙudan nan ta 1996 Bruno Lemaitre ne na farko, kuma bayan Nobel ta 2011 ya fito fili ya ce ba a ba rawar da ya taka haƙƙinta ba. Nobel ɗin kimiyya ba ta wuce mutum uku.

Tu Youyou ta ƙasar Sin kuwa, wadda ta jagoranci tawagar da ta fitar da atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro a yau, aikin ya fito a 1977 da sunan ƙungiya, babu sunan kowa. Ta karɓi Nobel a 2015 ba ta da digirin digirgir.

Wane tasiri ne lambobi ba sa kamawa sam?

Wanda ya riga ya zama ruwan dare. Georges Köhler da César Milstein sun nuna a Kambirij a 1975 yadda za a sa ƙwaya ta riƙa samar da sinadarin garkuwa iri ɗaya tak ba iyaka. Layin da ke fitowa a abin gwajin juna biyu da na gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa daga nan ya samo asali, haka nan magungunan cutar kansa da dama, amma babu mai ambaton su duk sanda aka yi gwajin.

Ranar 11 ga Janairu 2020, Zhang Yongzhen na Shanghai ya amince abokin aikinsa Edward Holmes na Jami'ar Sidni ya saki jerin ƙwayoyin gadon sabuwar cutar korona a intanet, kafin wata mujalla ta buga. Cikin kwana biyu Moderna ta kammala tsara rigakafinta a kwamfuta. Sai kuma koyarwa: littafin Janeway, Immunobiology, ya tarbiyyantar da ɗalibai a faɗin duniya, kuma ɗalibi ba ya barin ambato idan ya karanta.

To mai karatu da ba masani ba, yaya zai duba shafin masani da adalci?

Kada ya yi watsi da lambobin, suna nuna cewa takwarori sun lura da mutum. Amma ya gangara ƙasa. Ya ware maƙalun bita gefe, ya nemo uku ko huɗu na sabon bincike inda sunan masanin yake a farko ko a ƙarshe. Ya karanta taƙaitaccen bayanin kowacce a PubMed, rumbun maƙalun likitanci a intanet, kyauta ne, ya tambayi kansa me aka sani bayanta wanda ba a sani ba kafinta. Ya duba ko gwajin a ɓera aka yi ko a mutum, domin abubuwa da yawa da suka yi aiki a ɓera sun gaza a asibiti. Sannan ya danna lambar ambaton ya ga su waye: idan masanin ne da ɗalibansa ke ta ambaton juna, wannan daban yake da a ce wani ɗakin gwaji a wata ƙasa ya maimaita gwajin ya samu abu ɗaya. Idan an janye maƙala, PubMed yana sa sanarwa a saman shafinta, sama da sunayen marubutan.