Sanyaya tukunyar nukiliya a lokacin hatsari

Sanyaya tukunyar nukiliya, wato inda yuraniyom ke samar da zafi a tashar lantarki, shi ne aikin tura ruwa ba ƙaƙƙautawa a kan sandunan yuraniyom don kada su narke bayan an kashe tashar. Kashe tukunya ba ya kashe zafinta. Kamar murhu ne da aka zare wa itace, garwashi yana nan da ransa: a daidai lokacin kashewa zafin da ya saura yakan kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na ƙarfin tukunyar, bayan kwana guda kuma ya riga ya sauko ƙasa da kashi ɗaya. Ko wannan ɗan ragowar ya isa ya narkar da ƙarfe.

Famfunan ruwan kuwa da lantarki suke aiki, kuma nan gizo ke saƙar. A ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa ta katse wutar tashar Fukushima Daiichi a Japan. Janaretocin dizal suka tashi yadda aka tsara, sai igiyar tsunami mai tsayin kusan mita 14 ta shanye su. Ruwan sanyaya ya ja baya a tukwane uku, sandunan suka fito fili, bawonsu na ƙarfen zakoniyom ya haɗu da tururi ya haifar da iskar haidurojin, wadda ta tarwatsa gine-gine a ranakun 12, 14 da 15 ga watan. Da dabara ta ƙare, ruwan teku aka riƙa ɗurawa da motocin kashe gobara, duk da an san gishiri zai lalata tukwanen har abada.

Ana auna radiyeshin da jiki ya sha da milisibat. Matsakaicin abin da mutum ke samu daga ƙasa da iska da abinci a shekara shi ne 2.4; a ranar 15 ga Maris an auna 400 cikin sa'a ɗaya kusa da tukunya ta uku. Hukuma ta ɗaga iyakar ma'aikata daga 100 zuwa 250, ta kwashe mutane har nisan kilomita 20, kimanin rubu'in tafiyar Katsina zuwa Daura. A cikin sinadarai masu radiyeshin da suka fita daga tukwanen, ƙarfin aidin-131 yana raguwa da rabi duk kwana 8, na siziyom-137 sai shekara 30, shi ya sa ya daɗe a gonaki.

Najeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya. Ƙaramar tukunyar bincike ce kawai a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004.