Sanyin Gwiwa

Sanyin gwiwa yanayi ne da himmar mutum kan abin da ya saba yi, ko ya ƙudura zai yi, take raguwa ko ta gushe, alhali iyawarsa tana nan. Bahaushe ya bambanta shi da lalaci. Rago tun asali ba ya son wahala, mai sanyin gwiwa kuwa an san shi da ƙwazo, daga baya abin ya kuɓuce masa. Akwai kalmomin da ke maƙwabtaka da shi: "jikina ya mutu" na ɗan lokaci ne, "kasala" daga Larabci aka aro ta, "mutuwar zuciya" kuma zargi ce, ana jifan wanda ya haƙura da nema ya zauna jiran a ba shi. Cakuɗa waɗannan kalmomi ne ke sa a yi wa mai bukatar magani faɗa.

Yadda yake kama mutum

Wanda ya zauna a zaurukan masu ɗinkin hannu a birnin Zariya ya san siffarsa. Babbar riga mai aska takwas takan ci makonni. Mai ɗinki zai yi rabin aiki da zafinsa, sai wata safiya ya ɗora rigar a cinya, ya zura zare, ya yi shiru yana kallon ƙofa. Hannu bai manta aikin ba, ido lafiya lau, mai riga ma ya ba da kafin alƙalami. Abin da ke tura allurar ne babu.

Haka ɗalibai. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayan wani mai tsawo a 2020. Ɗalibin da ya bar harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru ko Kongo da littafi a hannu yakan dawo ya tarar karatu ya fita kansa, domin an raba ƙoƙarinsa da ranar gamawarsa. Tun a 1960 likita Raymond Prince ya rubuta bayanin wata gajiyar ƙwaƙwalwa da ya gani a ɗaliban kudancin Najeriya, masu kukan zafin kai da kasa riƙe abin da suka karanta.

Abin da bincike ya gano

A 1967 Martin Seligman da Steven Maier, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, suka gwada karnuka da jan lantarkin da ba su da ikon tsayarwa. Da aka mayar da su inda tsallake ɗan shinge kawai zai fisshe su, yawancinsu kwanciya suka yi suna kuka. Sun riga sun ɗauka motsinsu ba ya canza komai. Abin lura shi ne yadda aka warkar da su: lallashi da abinci bai yi ba, sai da aka riƙa jan su da hannu ana tsallakar da su, sau da yawa, kafin su fara yi da kansu.

Ta fuskar ƙwaƙwalwa, sinadarin dofamin ne aka fi ambata. Mutane kan kira shi sinadarin jin daɗi, amma aikin Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya nuna ba haka abin yake ba. Ɓerayen da aka rage wa dofamin suna lasar baki idan an ɗiga musu sukari, sai dai ba sa tashi su nemi abincin da ke gabansu. Ashe son abu daban, yunƙurin nemansa daban. Shi ya sa mutum zai ce har yanzu yana son sana'arsa, kuma gaskiya ya faɗa, amma ya kasa fita shago.

Lada ma yana iya kashe sha'awa. A gwajin Edward Deci na 1971, ɗaliban da aka biya dala ɗaya kan kowane wasan wasa ƙwaƙwalwa da suka warware sun rage taɓa shi da aka daina biya. Daga baya shi da Richard Ryan suka ce himma mai ɗorewa tana tsayawa kan abu uku: mutum ya ji da zaɓinsa, ya ji ya iya, ya ji yana da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta bayyana matsananciyar gajiyar da matsin aiki ke jawowa a matsayin matsalar wurin aiki, ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba.

Hanyoyin fita

Wata hanya da masu ilimin halayyar ɗan Adam ke dogara da ita, wadda ta samo tushe daga aikin Peter Lewinsohn a shekarun 1970, ita ce a fara aiki kafin sha'awa ta zo, don sau da yawa bayan motsi take biyowa. Ana yanka aikin ƙanana har ya zama abin kunya a ce an kasa, a sa masa lokaci da wuri. Tsofaffin maɗinka sun san wannan ba tare da littafi ba; maigida yakan ce wa yaronsa, "Kai, cike mini wannan gidan kawai ka tashi." Gida ɗaya kan jawo na biyu. Zama cikin abokan aiki yana taimakawa, haka gyara barci, musamman a zafin Maris da Afrilu.

A makarantun zaure malamai kan kawo hadisin Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, da addu'ar da Anas ɗan Malik ya ruwaito ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala. Addu'ar ta ambaci gajiyawa da kasala daban-daban, malamai kuma suna fassara ta farko da rashin iko, ta biyu da rashin yunƙuri alhali ikon yana nan.

Wasu matasa kan nemi ƙarfi a tiramadol ko maganin tari mai kodin; shi na tarin gwamnatin tarayya ta haramta shi a Mayun 2018. Ƙarfin aro ne, kuma in ya sauka kasalar ninkuwa take yi.

Lokacin zuwa asibiti

Ƙarancin jini, maleriya mai komowa, ciwon suga da raunin ƙwayar "thyroid" da ke maƙogwaro duk suna iya zuwa da rigar sanyin gwiwa, gwajin jini ne ke tona su. Idan kuma abin ya kai mako biyu kusan kullum, tare da baƙin ciki, canjin barci ko cin abinci, ganin kai ba a bakin komai ba, ko tunanin mutuwa, ana zargin ciwon damuwa ne, wanda "daure mana" ba ta warkar da shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na wannan fanni a Barnawa, Kaduna. Wanda ya fara zancen kashe kansa ba a jira da shi mako biyun, ranar ake kai shi.