'Yan Daba

'Yan daba sunan da ake kiran gungun matasa a birnin Kano waɗanda suke haɗa kansu unguwa-unguwa, suna riƙe makamai, suna faɗa da wasu gungun irinsu, kuma galibinsu suna ta'ammali da ƙwaya. Kalmar daba asalinta wurin da mafarauta suke yada zango su zauna ne, daga baya ta koma sunan majalisar da samarin suke taruwa, kango ko bakin kududdufi ko gindin ganuwa. A wasu garuruwan sunan ya bambanta amma abin kusan ɗaya ne, a Bauchi da Jos sara-suka, a Gombe 'yan kalare, a Katsina ƙauraye, a Yola 'yan shila.

Asali

Yawancin masu bincike suna danganta daba da farauta da kuma wasan tauri. A da idan rani ya yi an gama aikin gona samari sukan fita farauta ƙungiya-ƙungiya da karnuka da gora da adda, kowace unguwa da nata jagoran, kuma rigima takan tashi a dawa kan wa ya fara jifan zomo ko karen wa ya kama, sai a dawo da gabar cikin gari. 'Yan tauri kuma su ne masu shan maganin ƙarfe, a kaɗa musu ganga su zaro wuƙa suna gurza ta a ciki da wuya ba ta kama su ba. Duk da haka a wancan lokacin akwai manya da ake jin maganarsu, idan babba ya ce a ajiye makami to an ajiye, kuma dattawan da suka ga zamanin sukan ce abin kunya ne namiji ya zare wuƙa a kan mace ko yaro ko baƙo mai wucewa.

Siyasa ce ta fara canja abin. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ta shiga takun saƙa da jam'iyyar NPC da hukumar En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, kowane ɓangare ya nemi majiya ƙarfi da za su tsare masa taro ko su watsa na abokin hamayya. Wajen farkon shekarun 1950 aka fara jin sunan 'yan mahaukata da ake alaƙantawa da NPC, su ma 'yan NEPU suka tanadi nasu matasan don kare kai. A jamhuriya ta biyu, 1979 zuwa 1983, abin ya ƙara girma da sunan 'yan banga, musamman da jam'iyyar PRP mai mulkin Kano ta rabu gida biyu, santsi na gwamna Abubakar Rimi da taɓo na Malam Aminu Kano. A tarzomar 10 ga Yuli 1981 aka ƙona gine-ginen gwamnati aka kashe Dakta Bala Muhammad mai ba gwamna shawara kan siyasa, har yau ana jayayya kan waɗanda suka turo masu ɓarnar.

Da soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983 sai kuɗin siyasa ya yanke, yaran da aka saba ba su na kashewa suka rasa ubangida, ga makami a hannu ga tsadar rayuwa da ta biyo baya. Kusan a shekarun nan ne aka fi jin labarin 'yan ɗaukar amarya, masu sace mata su kai su kango su ci zarafinsu. Dawowar siyasa a 1999 ta dawo da kasuwarsu da sabon suna, 'yan jagaliya, waɗanda ake lodawa a mota a bi ɗan takara yawon kamfen. A zaɓen cike gurbi na gwamna a watan Maris 2019 masu sa ido sun ba da rahoton matasa da makamai a mazaɓar Gama, jam'iyyu kuma kowacce ta ɗora wa ɗaya laifi.

Ƙwaya da hanyar shigowarta

A da wiwi ne da sholisho, wato gam ɗin facin taya da yaro zai zuba a tsumma ya kafa hanci yana zuƙa. Daga baya magungunan asibiti suka mamaye, maganin tari mai kodin, tiramol, diyazefam, roci da ekzol, ga kuma irin su gadagi da akuskura. Ɗan daba shi ne na ƙarshe a layin cinikin ƙwayar. Wiwi yawanci daga dazukan kudu ake nomo shi, Ondo da Edo da maƙwabtansu, a ɓoye shi cikin lodin kaya a hau da shi arewa. Tiramol kuma mafi yawansa daga Indiya yake zuwa ta tashoshin ruwa na Legas da Kwatano da Lome, har da mai ƙarfin miligiram 225 alhali wanda aka amince likita ya rubuta 50 ne ko 100. Daga kwantena zuwa babban dila, zuwa ƙaramin kemis ko mai tebur, zuwa yaron da zai sayi ƙwaya biyu uku a ƙulle a leda, kowa ya ci ribarsa a hanya, amma wanda aka fi gani an jera a gaban kyamara shi ne yaron nan na ƙarshe da silifas ɗinsa.

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwaya, na 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Najeriya, a Kano kuma kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya, kuma a ƙasar baki ɗaya duk mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce. A watan Mayu na shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC ya nuna yadda ake fitar da shi ta bayan fage. Kuɗin kwalba ya tashi, da yawa suka koma ƙwayoyi masu araha.

Illa ga jama'a

Faɗan daba kan tashi ne a kan abin da bai kai ya kawo ba, budurwa, wasan ƙwallo, ko ramuwar saran da aka yi wa wani shekarun baya. Unguwanni irin su Kurna da Ɗorayi da Ƙofar Mata da Yakasai sun sha shiga labarai saboda haka, duk da cewa mafi yawan mazauna cikinsu su ne abin ya fi cutarwa. Da an ji ihu masu shago sai su ja ƙofa, uwa ta fito ba mayafi tana neman ɗanta da ta aika sayen kalanzir, mai adaidaita sahu ya juya kan babur ya ƙi shiga layin. Makaman su ne adda, barandami, gariyo da ɗanbida. Ƙwacen waya ya zama ruwan dare a shekarun nan, ana soke mutum a kan wayar da kuɗinta a hannu na biyu bai taka kara ya karya ba. Har tashe na watan azumi 'yan sanda sun sha hanawa a Kano don gudun kar a fake da shi a yi faɗa, yara ƙanana suka rasa al'adar da iyayensu suka taso da ita. A cikin gida kuma akwai uban da ya gaji da zuwa beli, da ƙannen da suka fara kwaikwayon yayansu, da masu taɓin hankali da ake kaiwa asibitin Dawanau ko gidan mari.

Matakan hukuma

An kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, a 1989, Buba Marwa ya karɓi shugabancinta a Janairu 2021. Kwamishinan 'yan sandan Kano Muhammad Wakili, da Kanawa suka laƙaba wa Singham, ya yi suna a 2019 wajen yaƙi da dillalai. A 2023 rundunar ta gayyaci 'yan daba su miƙa makamai a yafe musu, wasu suka yaba, wasu suka ce lada ne ga masu laifi. A 2024 aka tilasta wa masu sayar da magani na Sabon Gari komawa sabuwar kasuwa a Dangwauro.

A Nijar

A Damagaram akwai irin wannan gungun da ake kira fale, an fi danganta su da unguwar Karakara.